Bernard Law: Bishop ɗin da Boston ta juya wa baya

An haifi Bernard Law a Meziko a 1931. Ya zama limamin Katolika a 1961 a Mississippi, inda ya yi suna wajen kare haƙƙin baƙaƙen fata. A 1984 aka naɗa shi babban bishop na Boston.

Asiri ya tonu a Janairun 2002, da jaridar Boston Globe ta bankaɗo yadda aka riƙa sauya wa Fada John Geoghan coci, alhali Law na sane da ƙorafin lalata da yara a kan Geoghan. Law ya yi murabus a Disamba. A 2003 cocin Katolika na Boston ya amince ya biya mutum 552 diyyar dala miliyan 85.

Abin da ya ƙara ƙona ran waɗanda aka cuta: a 2004 Paparoma ya ba shi babban coci a Roma. Can ya rasu a 2017, ba a taɓa gurfanar da shi ba.