Shawarar da Ba ta Jin Saiwar Rawaya

Ni ba likita ba ne. Abin da na karanta shi ne kimiyyar harshe, kuma da shi nake ci nake sha. Amma Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, shi ya sa na ari wannan fili don in ba mai karatu labarin 'yar ƙanwata da abin da na gano a watannin da muka yi muna zarya asibiti.

Bari in fara da abin da na fi sani. Kalmar "shawara" jaka ce da Bahaushe ya zuba cututtuka da dama a ciki. Da zarar ido ya yi ɗorawa, to shawara ce, ko ta jariri ce mai wucewa cikin kwana goma, ko ciwon hanta ne, ko wadda sauro ke kawowa. Tun da sunan ɗaya ne, sai maganin ma ya zama ɗaya: a jiƙa saiwar rawaya, a shanya jariri a hantsi, a jira. Ga kuma ɗaya shawarar, wato ta baki, wadda kowace gwaggo ke da buhunta. Da waɗannan shawarwari biyu muka cinye wa yarinyar nan kusan wata biyu.

An yi suna idonta na ɗorawa, aka yi arba'in bai washe ba. Fitsarinta ya yi duhu kamar ruwan shayi, kashinta kuwa fari-fari kamar farar ƙasa, alhali na jaririn da ke shan nono kamar gwaiduwar ƙwai yake. Da likita ta ji haka, ba ta ɓata lokaci ba. Ta ce hanyoyin da ke kai ruwan matsarmama (maɗaciya, in ji wasu) daga hanta zuwa hanji ne suka toshe, ruwan ya taru yana cin hantar. Babu kafso ko jiƙo da ke buɗe su, sai tiyata. Aikin na ɗauke da sunan Morio Kasai, likitan Japan da ya bayyana shi a 1959: a yanke toshasshiyar hanyar, a jawo wani sashe na hanji a ɗinke shi a bakin hanta. Ya fi yin nasara idan an yi kafin jariri ya cika kwana 60. Tamu an yi mata tana da kwana 71.

Allah Ya sa ruwan ya samu hanya, ido ya washe, muka ɗauka an gama. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Haɗa hanji da hanta kai tsaye tamkar cire ƙyauren ɗaki ne: ƙwayoyin cutar da ke zaune lafiya a hanji, irin su E. coli da Klebsiella, sai su haura su shiga ƙananan hanyoyin cikin hanta su kumbura su. Wannan na samun yara da yawa, musamman a shekara ɗaya ko biyu bayan aikin, kuma kowane karo yana barin tabo a hanta. Wata uku da sallamarta zazzaɓi ya rufe ta. Uwarta ta yi abin da kowace uwa ke yi a ƙasar nan, ta aika kyamis aka sayo maganin zazzaɓin cizon sauro. Sai da kashin ya sake yin fari muka farga. Kwana 14 ta yi a gado ana ɗura mata maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya.

Da za mu tafi, aka rubuta mata Septrin, ɗan kaɗan kullum na tsawon watanni, don rigakafi. A nan na yi turjiya, domin na sha yi wa 'yan'uwa faɗa kan shan kafso barkatai da ɗiga wa jarirai Ampiclox ba gaira ba dalili. Wani babban bincike da aka buga a 2022 ya ƙiyasta cewa ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi jin jiki. To yaya za a ɗora jaririya kan irin wannan magani kullum?

Amsar likitar ta burge ni saboda ba ta yi mini rufa-rufa ba. Ta ce hujjar da ake da ita ba ta da kauri. Akwai ɗan ƙaramin bincike daga Taiwan a 2003 da ya nuna Septrin ko neomycin na rage dawowar kumburin, wasu binciken kuma ba su ga bambanci ba, shi ya sa asibitoci suka sha bamban. Amma yarinyar da kumburin ya taɓa kamawa, wadda in hantarta ta gaza sai dashe a Indiya ko Masar da kuɗin da ba mu da shi, gara a kare ta. Ta ƙara da gargaɗin da ya kamata kowa ya ji: ba a ba sabon jariri mai shawara Septrin, kuma yana iya farfasa jinin yaran da ke da ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya yawaita a tsakaninmu. Sai da aka gwada jininta kafin a fara.

Ana cikin haka wani ɗan'uwa ya turo mini bidiyo ta WhatsApp, wai an gano maganin ciwon a Amurka, sunansa vancomycin. Na bi diddigi, sai na tarar an yi kitso da ƙwarƙwata. Wata cuta ce daban, wadda ke ƙuntata hanyoyin matsarmama sannu a hankali a manyan yara, galibi masu fama da gyambon babban hanji. Gaskiya ne likitoci a Jami'ar Stanford sun ba da rahoto a 1998 cewa yara uku sun samu sauƙi da shan sa, suka sake da yara 14 a 2008. Sai dai wani nazari mai faɗi da aka buga a 2021 bai ga ya fi barin yaro ba tare da shi ba, kuma har yanzu masana na jayayya a kai. A harshenmu duka biyun "ciwon hanta" ne, don haka wanda ya turo bai ga laifinsa ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kwana 11 ɗin nan da muka makara. Tun 2004 Taiwan ke ba kowace mai jego kati mai hotunan launin kashin jariri, don ta gwada da na ɗanta, Japan kuma ta sa irinsa cikin littafin uwa da jariri a faɗin ƙasar a 2012. Takarda ce kawai, kuma ba ta bukatar fassara, balle a tsaya gardamar ko "fari-fari" da "ruwan ƙasa" abu ɗaya ne. Ban ga abin da zai hana ma'aikatun lafiya na jihohinmu buga irinsa a bayan katin rigakafi ba, tare da jimla ɗaya da boko da ajami: shawarar da ta wuce mako biyu a kai jariri a auna jininsa.

Yarinyar yanzu tana da wata 14, ta fara takawa tana dafa bango. Uwarta ta sayi ma'aunin zafin jiki ta ajiye kusa da kwalbar maganin, kuma an gaya mata duk zazzaɓin da ya kai 38 ta nufi asibiti ko da tsakar dare ne. Wata mai zuwa za a sake ɗibar jini, daga nan likita za ta yanke ko a ci gaba da Septrin ɗin ko a tsayar.