Zaɓen Amurka: Ina Ƴan Takara Suke Samun Kuɗin Kamfe?

Daga ƙarshen shekarar 2019 zuwa watan Maris na 2020, hamshaƙin attajirin nan Michael Bloomberg, tsohon magajin garin New York, ya fidda fiye da dala miliyar ɗaya daga aljihunsa domin jam'iyyar Dimokarat ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa. Da aka zo zaɓen fidda gwani bai ci ko jiha ɗaya ba, sai wasu ƴan tsibirai a tekun Fasifik da ake kira Samowa ta Amurka. Ya janye. Amma kada mai karatu ya ɗauka kuɗi ba su da tasiri a can, domin wanda ya shiga fage hannu rabbana ko sunansa ba za a ji ba.

Dalilin yawan kashe kuɗin yana cikin tsarin zaɓen kansa. Ba yawan ƙuri'un ƙasa baki ɗaya ne ke naɗa shugaba ba. Kowace jiha tana da adadin wakilanta masu zaɓen shugaba, jimlarsu 538, kuma wanda ya tara 270 shi ne da mulki. In ban da Maine da Nebraska, wanda ya zo na farko a jiha, ko da ƙuri'a ɗaya ce, shi ke kwashe wakilanta duka. Galibin jihohi an san inda suka dosa tun kafin a buga gangar siyasa, saboda haka a 2024 kokawar ta koma jihohi bakwai kacal, Pennsylvania mai wakilai 19 a kan gaba. Nan ake zuba dukiya wajen sayen lokaci a talabijin da intanet, da biyan masu bi gida-gida.

To, wa ke biya? A ƙarni na 19 ma'aikatan gwamnati ne ke ɗauke da babban kaso: jam'iyya mai mulki ita ke raba aiki, kuma ita ke tatsar wani abu daga albashin wanda ta bai wa. Sai da wani da ya nemi muƙami bai samu ba ya harbe shugaba Garfield a 1881 kafin majalisa ta farka. Dokar 1883 ta kawo ɗaukar aiki ta jarrabawa, ta haramta tilasta wa ma'aikaci biyan kuɗin jam'iyya. Har yau wata doka ta 1939 tana hana ma'aikacin tarayya roƙa wa jam'iyya gudummawa, ko da yake yana iya bayar da tasa.

Da aka toshe wannan ƙofa, ƴan siyasa suka juya wajen masu masana'antu. A 1907 aka hana kamfanoni bai wa ƴan takarar tarayya kuɗi. Bayan abin kunyar Watergate, wanda ya ci kujerar shugaba Nixon a 1974, aka ƙayyade abin da mutum ɗaya zai iya bayarwa, aka kafa hukumar sa ido. A zaɓen 2024 iyakar ita ce dala 3,300 ga kowane ɗan takara a kowane zagaye, wato wajen sefa miliyan biyu. Wanda ya ba da fiye da dala 200, ana rubuta sunansa da sana'arsa da wurin aikinsa, kowa na iya dubawa. Wannan kam abin yabo ne, domin ɗan kasuwar da ya taimaki ɗan siyasa da dare zai tarar da sunansa a fili da rana.

Sai dai Kotun Ƙoli ta buɗe wata kafa. Tun 1976 ta ce kashe kuɗi wajen yaɗa ra'ayi yana cikin ƴancin faɗin albarkacin baki, kuma da wannan hujja Bloomberg ya kashe nasa ba iyaka. A 2010, a shari'ar Citizens United, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, aka yarda kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago su kashe abin da suka ga dama, muddin ba su haɗa baki da ɗan takara ba. Daga nan aka samu manyan kwamitoci masu tara kuɗi ba ƙaidi. Sharaɗin rashin haɗa bakin kuwa kusan na baka ne, tun da sau da yawa tsofaffin hadiman ɗan takara ne ke tafiyar da kwamitin. Ta irin wannan hanya Elon Musk ya kashe fiye da dala miliyan 250 a 2024 don goyon bayan Donald Trump da jam'iyyarsa.

Duk da haka Kamala Harris ce ta fi tara kuɗi, fiye da dala miliyar ɗaya cikin ƴan watanni, ta kuma faɗi a jihohin bakwai gaba ɗaya. Masu zaɓe da yawa tsadar abinci da kuɗin haya suka duba, ba yawan talla ba.

Akwai kuma asusun gwamnati da aka fara amfani da shi a 1976 domin raba ƴan takara da barar attajirai: mai biyan haraji yana iya yarda a ware dala uku daga harajinsa a zuba ciki, wanda ya karɓa kuma dole ya taƙaita kashe kuɗinsa. A 2008 John McCain ya karɓi dala miliyan 84. Barack Obama ya ƙi, ya tara wajen miliyan 750 da kansa. Tun daga lokacin babu ɗan takarar manyan jam'iyyun biyu da ya sake karɓar kuɗin asusun a babban zaɓe.