Yadda Mutanen Nigata Suke Cin Hunturu Cikin Dusar Ƙanƙara

Kun san ɗari. Kun san yadda iskar hunturu take tsaga leɓe da ƙafa, har tsoho ya ƙi fita ɗaki sai rana ta yi sama. To, akwai ƙasashen da sanyinsu ya fi namu nesa ba kusa ba. A can, in hadari ya taso lokacin ɗari, ba ruwa yake zubowa ba. Wani farin abu ne mai taushi kamar auduga. Shi ake kira dusar ƙanƙara. Ba irin ƙanƙarar nan mai tauri da takan faɗo mana da damina ba ce. Ita wannan a hankali take sauka, babu ƙara, ta yi ta taruwa bisa ƙasa.

Yau za mu duba jihar Nigata, cikin ƙasar Japon, can gabashin duniya. Tana cikin wuraren da dusar ƙanƙara ta fi yawa a duk inda mutane suke zaune.

Daga ina take zuwa?

Lokacin ɗari iska mai sanyi takan taso daga Siberiya, cikin ƙasar Rasha. Kun ga, kamar tamu iskar ce da take tasowa daga arewa. Amma tamu hamada take ketarowa, shi ya sa take kawo mana ƙura da hazo. Tasu kuwa teku take ketarewa, kuma ruwan tekun ya fi iskar ɗumi. Sai ta kwashi tururin ruwa mai yawa. In ta iso Japon sai ta ci karo da manyan duwatsu, ta hau sama, tururin ya daskare, ya zubo bisa garuruwan da ke gindin duwatsun. A bayan duwatsun, wajen birnin Tokyo, galibi rana ce ake yi tangaran.

Daga watan Disamba har zuwa Maris ana cikin wannan hali. A watan Janairu na 1963, dusar da ta taru a garin Nagaoka ta wuce metir 3. A watan Fabrairu na 2006, a garin Tsunan, ta wuce metir 4. Ku kwatanta: dogon namiji ya tsaya, wani ya hau kafaɗarsa, duk da haka ba su kai tsawonta ba.

Ina haɗarin yake?

Na farko, nauyi. In ta faɗo sabuwa ba ta da nauyi sosai. Amma in ta kwana biyu sai ta danne, ta yi nauyi. In kaurinta ya kai metir 1 bisa rufin ɗaki, kowane wuri mai tsawon metir 1 da faɗin metir 1 yana ɗauke da wajen kilo 300. Wato buhu 6 ke nan na shinkafa mai kilo 50. To ku lissafa rufin gida gaba ɗaya. In ba a sauke ta ba, ƙofa takan ƙi buɗuwa, katako ya karye, ɗaki ya faɗa wa masu shi.

Na biyu, toshewar hanya. Iska takan kwashe dusar ta jibge ta wuri guda, kamar yadda take tara rairayi ya zama tudu. Ƙauye yakan wayi gari babu hanyar kasuwa, babu hanyar likita. A watan Disamba na 2020 motoci wajen 2000 suka maƙale bisa babbar hanyar da ta haɗa Nigata da Tokyo. Waɗansu sun yi kwana biyu a wurin. Wanda ya maƙale haka, in ya bar injin yana aiki don ya ji ɗumi, dole ya riƙa fita yana share dusar da ke bayan motar. In ta toshe bututun hayaƙi, hayaƙin sai ya koma ciki ya kashe mutum yana barci. Daidai yake da wanda ya shigar da kaskon gawayi ɗaki ya rufe ƙofa ruf.

Shiri tun rani bai ƙare ba

Mutanen wannan wuri ba su jira sai dusa ta zo. Tun watan Nuwamba suke shiri. Suna kafa katako a bakin taga don kada nauyinta ya fasa gilashi. Suna ɗaure itatuwan lambu da igiya da sanduna. Ana kakkafa dogayen sanduna masu fenti ja da fari a gefen hanya, don direba ya gane bakin hanya in ta ɓace. Gidaje da yawa an ɗaga su bisa dogon gindi na siminti. Ƙasa wurin ajiya ne, mutane suna zaune sama. Waɗansu rufin an yi shi a tsaye sosai, don dusar ta zame da kanta.

Abinci ma tun da wuri ake tanadinsa. Kakanninsu sukan busar da kayan lambu, su jiƙa waɗansu cikin gishiri. Sukan binne kabeji da karas cikin dusar kanta. Ba su ruɓewa, har zaƙi suke ƙarawa. Har yau ana yin haka. Ashe abin da ya toshe musu hanya shi ne kuma rumbunsu.

Aikin gayya

Abin da ya fi riƙe su shi ne haɗin kai. A da, kafin a samu injin share hanya, in gari ya waye sai a fito bi da bi a tattake dusar. Suna ɗaura wani faffaɗan takalmi na itace da igiya, wanda yake hana ƙafa nutsewa. Wannan gida ya tattake har ƙofar maƙwabcinsa, maƙwabci ya ɗora daga nan. Da haka yara suke samun hanyar makaranta.

A garin Takada kuma akwai wata dabara. Kowane mai gida yakan ƙara rumfa a gaban gidansa, ta haɗu da ta maƙwabci. Rumfunan sun jeru sun zama doguwar hanya mai rufi, ta fi kilometir 10 in an haɗa. Filin na mai gida ne, amma kowa yana bi. Ko titi ya cika maƙil, mutum zai je shago ya komo.

A shekarar 1961 garin Nagaoka ya fara wata sabuwar dabara. Aka binne tiyo a tsakiyar titi, ana jawo ruwan rijiya ana yayyafawa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana da ɗan ɗumi ko da ɗari, kamar yadda kuka sani in kun ja guga da asuba. Shi ne yake narkar da dusar. Dabarar ta yaɗu. Amma da aka yawaita jan ruwan, sai ƙasa ta fara lotsawa a waɗansu garuruwa. Dole hukuma ta sa doka bisa haƙar rijiyoyin.

Wa ya fi mutuwa?

Ku saurari wannan da kyau. A hunturun 2005 zuwa 2006 mutum 152 suka rasu a Japon saboda dusar ƙanƙara. Galibinsu ba sanyi ne ya kashe su ba. Wajen aikin share dusa suka rasu: wani ya faɗo daga rufi, wani dusar rufi ta rufto masa, wani ya faɗa magudanar ruwa. Kuma wajen kashi biyu cikin uku tsofaffi ne masu shekara 65 ko fiye.

Me ya sa tsofaffi? Samari sun tafi birni neman kuɗi, an bar iyaye su kaɗai a ƙauye. Tsoho yana jin ɗakinsa yana ƙara saboda nauyi, ba mai taimakonsa, sai ya ɗauki shebur ya hau. In ya faɗo, dusa ta rufe shi, ko ya yi kira ba mai ji.

Saboda haka hukumomi suke ta nanata gargaɗi kowace shekara. Kada mutum ya hau rufi shi kaɗai, a yi aikin mutum biyu ko fiye. A ɗaura igiya a ƙugu. A sa hular kwano. A kafe tsani sosai. A yi hattara ranar da rana ta fito, don a ranar ne dusar take saki ta zame. Yanzu kuma matasa daga birane sukan zo aikin sa kai, su share wa tsofaffi gidajensu.

Bayan wuya

In watan Afirilu ya kama, dusar duwatsu sai ta narke a hankali, ta cika koguna, ta shiga gonaki. Da wannan ruwa ake noman shinkafa, kuma Nigata ce ta fi kowace jiha ta Japon noman shinkafa.

Mu a nan ba mu da dusar ƙanƙara. Amma muna da rufin ƙasa da yake son yaɓe kafin ruwan fari, muna da indararo da yake toshewa, muna da tsofaffin da ƴaƴansu suka tafi cin rani. Kafin damina ta faɗi, ku duba unguwarku. In akwai tsohon da zai hau soro shi kaɗai, ku riga shi hawa.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin iskar hunturunmu da ta Nigata?
2. Me ya sa ake sauke dusa daga bisa rufi?
3. Su wa suka fi rasuwa a hunturun 2005 zuwa 2006, kuma don me?
4. Wane aikin gayya kuke yi a garinku kafin damina?