Ƙagaggun Labaran Kimiyya da Taurarinsu Yara Masu Baiwa

1.0 Gabatarwa

A cikin rassan ƙagaggun labarai akwai wani reshe da ake kira labaran kimiyya. Wannan babi zai bayyana ma'anar reshen da matsayinsa a adabin Hausa, sannan ya kawo dalilan da suka sa labaran da taurarinsu yara ne masu baiwa suke jan hankalin masu karatu. Daga ƙarshe za a nuna yadda malami zai ci moriyarsu a aji, musamman a makarantun karkara inda littattafai suke da ƙaranci.

2.0 Ma'anar Labaran Kimiyya

Labarin kimiyya ƙagaggen labari ne da ake gina shi a kan wani ilmi ko wata fasaha, ko dai wadda ake da ita, ko wadda ake hasashen za a samu nan gaba. Irin wannan labari yakan ƙunshi tafiya sararin samaniya, ko haɗuwa da halittun wata duniya, ko na'ura mai tunani, ko rayuwar mutane bayan shekaru masu yawa.

Abin da ya raba shi da tatsuniya shi ne hanyar da abin mamaki yake faruwa. A tatsuniya, layar zana ko taimakon aljani sun isa hujja, ba wanda zai tambayi yadda aka yi. A labarin kimiyya kuwa, dole marubuci ya kawo dalilin da hankali zai iya bi, ko da dalilin ƙagagge ne. Misali, a littafin Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, Iliya ya tashi ba ya iya tafiya, sai aka ba shi ƙarfi ta hanyar da ta fi ƙarfin bincike. Saboda haka littafin labarin jarunta ne da al'ajabi, ba a sanya shi cikin na kimiyya.

3.0 Labaran Kimiyya a Adabin Hausa

Littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki, sun dogara ne a kan tatsuniyoyi da tarihi da labaran Gabas. Sai a 1969 kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda manazarta suke ɗauka a matsayin labarin kimiyya na farko da Hausa. Tauraron littafin yaro ne mai suna Kilba, wanda wata halitta daga sama mai suna Kolin Koliyo ta ɗauke shi zuwa sararin samaniya, ya ga abubuwan da manyan garinsu ba su taɓa gani ba. Abin lura shi ne, a shekarar da littafin ya fito ne 'yan sama jannatin Amurka suka sauka a kan wata, a watan Yuli. Wato marubucin ya rubuta ne a lokacin da zancen sama ya cika gidajen rediyo da jaridu.

A sauran sassan duniya wannan jigo ya bunƙasa ƙwarai. A 1962 Madeleine L'Engle ta fitar da A Wrinkle in Time, inda wata yarinya da ƙanenta mai shekara 5, wanda mutanen gari suke ɗauka dolo ne alhali haziƙi ne, suka ratsa duniyoyi domin ceto mahaifinsu. A 1985 Orson Scott Card ya fitar da Ender's Game, labarin yaro ɗan shekara 6 da aka raba da iyayensa aka kai shi makarantar yaƙi a sama saboda kaifin basirarsa. Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan Nijeriya ne, ta gina littafinta The Shadow Speaker na 2007 a ƙasar Nijar ta shekarar 2070. Littafinta Binti na 2015, labarin budurwa gwanar lissafi da ta bar gida a ɓoye ta tafi jami'a a wata duniya, ya ci kyaututtukan Hugo da Nebula a 2016.

4.0 Dalilan Farin Jinin Waɗannan Labarai

4.1 Suna da tushe a adabin baka

Bahaushe ya daɗe da sanin ƙaramin yaro mai abin mamaki. A tatsuniyoyi, Auta ne yake warware abin da ya gagari yayyensa, Ɗan Kutungayya kuma da wayo yake kuɓuta daga Dodo. Tauraron Ender's Game shi ma auta ne a cikin 'ya'ya uku. Don haka yaron da ya tashi da jin tatsuniya a bakin kakarsa ba ya ganin irin wannan tauraro a matsayin baƙo. Kayan aikin kawai aka sauya masa, aka karɓe laya aka ba shi lissafi da na'ura.

4.2 Suna ba yaro murya

Hausawa suna cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Wannan magana ce mai hikima, kuma a kanta aka gina tarbiyyar gida. Amma yaro yakan so a ce wata rana shi ne ya fara hango abu, manya suka saurare shi. Labarin kimiyya yana biya masa wannan buri a cikin littafi, ba tare da ya yi wa kowa rashin kunya a zahiri ba.

4.3 Suna bayyana kaɗaicin mai baiwa

Galibin taurarin nan ba sa jin daɗin baiwarsu da farko. Tsara suna tsangwamarsu, manya suna yi musu mummunar fahimta. Duk ɗalibin da aka taɓa yi wa dariya saboda yawan tambaya, ko aka laƙaba masa sunan tsokana saboda son karatu, zai ga kansa a cikin labarin, ya kuma gane cewa ba shi kaɗai ne yake cikin wannan hali ba.

4.4 Suna ɗaukaka ƙwaƙwalwa a kan ƙarfi

A labaran jarunta, takobi da doki da ƙarfin damtse ne suke kawo nasara. A nan kuwa lura da haƙuri da iya warware matsala ne makaman tauraro. Wannan ya buɗe ƙofa ga yarinya da mai rauni da ɗan talaka, domin kowannensu yana iya zama tauraro.

4.5 Suna tayar da tambayar amana

Labaran ba su tsaya ga nishaɗi ba. A Ender's Game, manya sun yaudari yaron, ya hallaka wata al'umma ta halittu yana zaton atisaye yake yi a na'ura, ya kuma rayu da nadamar abin. Tambayar da labarin ya bari ita ce, wane ne yake da haƙƙin sarrafa baiwar yaro, kuma don amfanin wa? Wannan tambaya ta shafi iyaye da malamai fiye da yara.

5.0 Amfaninsu ga Malamin Hausa

Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta sanya yara masu baiwa cikin waɗanda suke bukatar kulawa ta musamman. A wannan shekara ce Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, daga baya kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa makarantar yara masu baiwa a Suleja. Sai dai duk waɗannan makarantu ba sa karɓar yaro sai wani ya fara gano shi, kuma mai ganowar yawanci malamin firamare ne.

A ɗauki misalin malamin da aka tura Nariya, a Ƙaramar Hukumar Kibiya da ke maƙwabtaka da Rano. A ajinsa yana iya samun yaron da yake gama aiki kafin kowa, sannan ya shiga surutu ko tambayoyin da ba sa cikin darasi. Idan malamin bai lura ba, sai ya kira shi mai taurin kai, ya yi ta hukunta shi har yaron ya tsani makaranta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma tanƙwarar da ba ta dace ba karya shi take yi.

Ga wasu hanyoyi da malami zai bi. Na farko, ya karanta wa ɗalibai wani yanki na Tauraruwa Mai Wutsiya, ya tsaya a inda labari ya ɗau zafi, ya nemi kowa ya ƙarasa shi da kansa. Na biyu, ya haɗa darasin da abin da yaran karkara suka fi na birni gani, wato taurari a daren da babu wata, irin su Kaza da 'Ya'yanta da Zara. Yana iya gaya musu cewa tauraruwa mai wutsiya ta Halley ta bayyana a 1986, kuma ana sa ran dawowarta a 2061, ya sa su lissafa shekarunsu a lokacin. Na uku, ya ba su aikin insha'i a kan yadda noma ko kasuwar garinsu za su kasance bayan shekara hamsin. A cikin amsoshin ne zai gane masu zurfin tunani.

Wajibi ne kuma malami ya yi hattara. Kada ya bari ɗalibai su ɗauka cewa baiwa tana wadatarwa ba tare da ƙoƙari ba, ko haziƙi ya raina 'yan ajinsu. Haka nan ya riƙa rarrabe musu abin da kimiyya ta tabbatar da abin da marubuci ya ƙaga.

6.0 Kammalawa

An ga cewa farin jinin waɗannan labarai ya samo asali ne daga tushensu a tatsuniya, da yadda suke ba yaro murya, da kuma fifita tunani a kan ƙarfi. An kuma ga cewa duk da Umaru Dembo ya share fage tun 1969, reshen bai bunƙasa a Hausa kamar labaran soyayya ba. Cike wannan giɓi aiki ne da ya rataya a wuyan malaman Hausa, a matsayinsu na masu koyarwa da kuma marubuta.

Tambayoyin Bita

1. Kawo bambanci tsakanin tatsuniya da labarin kimiyya, tare da misalai.
2. Bayyana dalilai uku da suka sa yara suke son labaran taurari masu baiwa.
3. Tsara darasi na minti 40 da zai taimaka wajen gano ɗalibi mai baiwa a aji shida na firamare.