Hunturu A Wata 'Yar Firamare Ta Ƙasar Bunguɗu

Ƙarfe 7:30 na safe daidai aka buga ƙararrawa, wato wani tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a reshen dalbejiya. Yaran da suka amsa kiran ba su kai talatin ba, alhali Hedimasta ya riga ya shaida mani cewa sunayen da ke cikin rajistarsa sun haura ɗari biyu. Waɗanda suka zo ɗin ma kowa ya cusa hannuwa a hammata, wani da rigar sanyi ta gwanjo da ta sauko masa har gwiwa, wata da zanen uwarta ta lulluɓa a kan hijabi, fuskoki sun yi furu-furu kamar an barbaɗa musu toka. A haka aka ja layi aka rera taken ƙasa, wanda aka dawo da tsohonsa a watan Mayun 2024, haƙora na kaɗawa, kalmomin Turancin na fita yadda Allah ya nufa.

Wannan makaranta tana wani ƙauye ne a Ƙaramar Hukumar Bunguɗu, ba nisa da titin da ya tashi daga Gusau ya nufi Sakkwato. Ba zan ambaci sunanta ba, domin mai karatu ya san halin da ƙauyukanmu ke ciki. Abin da ya kai ni can a watan Janairu aikin nazarin harshe ne: ina naɗar maganar yara domin in ga yadda Zamfarci ke sauyawa a bakin 'yan bana. Na je neman kalmomi, sai na dawo da wata damuwa dabam.

Da na tambayi wani ɗan aji uku da ya iso wajen ƙarfe tara abin da ya makarar da shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ɗari na, Malam." A nan Zamfara da Sakkwato "na" muke cewa inda Bakano zai ce "ne". Amma ba wannan ne ya tsaya mani a rai ba. Irin amsar da ni ma na taɓa bayarwa ke nan fiye da shekara talatin da suka wuce, ina ɗan firamare a ƙasar Tsafe, aka kuma saka mani da bulala a tafin hannun da sanyi ya riga ya ƙandarar. Duk wanda ya taɓa shan bulala da safiyar hunturu ya san ba irin ta sauran lokuta ba ce.

Yaron nan gaskiya ya faɗa, kuma ilimin taurari ma yana bayansa. Agogon Nijeriya an ɗora shi ne a kan layi na 15 gabas, layin da ya ratsa ta wajen birnin Njamena na ƙasar Chadi. Gusau kuwa tana yamma da wannan layi da fiye da digiri 8, kowane digiri kuma minti 4 ne a tafiyar rana. Ke nan agogonmu yana gaba da ranarmu da fiye da rabin sa'a. Shi ya sa a watan Janairu rana ba ta fitowa a Gusau da Bunguɗu da Tsafe sai wajen ƙarfe 7, lokacin da ɗan Maiduguri ya kusa yin rabin sa'a yana shan hantsinsa. Idan ta fito ma hazo ne ke rufe mata fuska, ta zama kamar farin faranti, ana iya kallonta ido da ido. To, yaron da ke tasowa daga wata unguwa mai nisan kilomita biyu ko uku, idan ana so ya iso 7:30, sai ya baro gida da sauran duhu. Wace uwa ce a Zamfarar yau za ta saki ɗanta ya kama hanyar daji kafin gari ya waye sarai? Tun bayan sace 'yan matan Jangebe 279 a watan Fabrairun 2021, da ɗaliban Kaya ta Maradun a watan Satumban wannan shekarar, abin da ya sa aka rufe makarantun jihar baki ɗaya na wani lokaci, iyaye suka koyi yin lissafi kafin su ce wa yaro "tashi ka tafi".

Ajujuwa huɗu ne a makarantar, biyu daga ciki tagoginsu babu marufi. Da damina feshin ruwa ne matsalarsu, da hunturu kuwa iska ce ke shiga ta taga ɗaya ta fita ta ɗaya, ta bar ƙura a kan allo da benci da gashin ido. Wannan ƙura, ga wanda bai sani ba, mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Chadi, inda wani ƙaton tafki ya ƙafe dubban shekaru da suka wuce, kuma ita ce ke tsallake tekun Atlantika har ta kai dajin Amazon a Amurka ta Kudu. Kafin ta kai can, sai ta biya ta maƙogwaron 'ya'yanmu. Tari da mura da ciwon ido da haɓo su ne baƙin kowane aji a wannan lokaci, ga kaushi da faso a ƙafafun da ba su ga man kaɗanya ba. Ba mu manta ba kuma cewa busasshiyar iskar nan ce ke share wa sanƙarau fage, kamar yadda muka gani a 2017, lokacin da annobar ta fi yi wa Zamfara ɓarna a duk faɗin ƙasar nan.

Abin da malaman suka yi shi ne abin da duk mai hankali zai yi. Suka fito da yara waje, aka jingina allo a bangon gabas inda hantsi ke dukan gini, aka shimfiɗa buhuna, aka zauna. Hedimastan, wani dattijo da ya kusa ritaya, ya dube ni yana murmushi ya ce, "Dakta, wannan shi ne ajinmu har zuwa ƙarshen Fabrairu. In rana ta matsa, mu ma mu matsa." Haka kuwa aka yi. Kafin ƙarfe goma ajin ya sauya wuri sau biyu, yana bin rana kamar yadda ƙadangaru ke yi a kan katanga, kuma a daidai wannan lokaci ne makarantar ta cika, aka soma jin hayaniyar da ta dace da wurin yara.

Fita tara kuwa, a ganina, ba ta taɓa daɗi kamar da hunturu ba, domin kaka ba ta daɗe da wucewa ba, akwai ɗan abin taɓawa a gari. Mata biyu sun kafa kasko a bakin makaranta suna suyar ƙosai da awara, yara sun kewaye su, rabi don saye, rabi don jin ɗumin wuta. Akwai dafaffen dankali da rogo mai yaji, akwai hoce da ƙuli-ƙuli, akwai rake da aka sasare gaɓa-gaɓa, aljihunan wasu kuma cike da magarya da goriba. Maza suka shiga langa da ƙwallon tsumma, ƙura na tashi kan ƙura. 'Yan mata suka zauna carafke, wasu suka zana 'yar gala-gala a ƙasa. Na lura wanda bai zo da kuɗin tara ba ba ya rasa wanda zai gutsura masa. Na kuma lura da wasu yara 'yan ƙalilan da suka tsaya gefe ba su shiga wasa ba. Aka ce mani 'ya'yan waɗanda suka gudo daga ƙauyukan cikin daji ne, ba su gama sabawa ba tukuna.

Sanyi ba shi kaɗai ke rage yara a aji ba. Wannan ne lokacin da ake ƙarasa sussukar dawa da casar wake, ake kwasar kara, ake ban ruwa a lambunan fadama da ke bakin gulbin da ya ratso Gusau ya wuce ta Bunguɗu. Lokacin ne kuma magidanta ke tafiya cirani, aikin da uba ya bari ya faɗo kan ɗan shekara goma. Ranar kasuwa kuwa ba a ma maganarta.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mani tuwo a ƙwarya, a matsayina na ɗalibin harshe. Bayan an dawo tara na zauna a bayan 'yan aji huɗu, malama na koyar da darasin yanayi. Ta rubuta a allo da Turanci, kamar yadda littafi ya tanada, cewa lokutan shekara a Nijeriya biyu ne, na ruwa da na rani. Ta faɗa, suka maimaita, ta sake faɗa, suka sake maimaitawa da ƙarfi. Da ta tambayi wane lokaci ake ciki yanzu, sai aka yi tsit. Na nemi izninta na yi tambayar da Hausa. Wallahi kamar an buɗe bakin rumbu. Suka lissafo mani bazara da damina da kaka da hunturu da rani, kowanne da aikinsa da abincinsa. Wata yarinya ta gyara wa ɗan'uwanta cewa wannan ba sanyi ba ne, ɗari ne, domin sanyi shi ne mai laima irin na bayan ruwan sama, ɗari kuwa busasshe ne mai tafe da iska. Wannan bambanci yana nan a manyan ƙamusoshin Hausa, yarinyar kuwa ba ta taɓa ganin ƙamus ba. Suka kawo hazo, suka kawo jaura, suka kawo muku-muku. Wani ya ce kakansa yana gane shekarar da ɗari zai yi tsanani tun daga yadda iska ta juyo bayan ɗaukewar ruwa.

Wato yaron da ya zo makaranta da lokuta biyar a kansa, sai mu karɓe mu ba shi biyu, su ma cikin harshen da bai mallaka ba, sannan mu rubuta a takardar sakamakonsa cewa ba ya ƙoƙari. Ko kalmar da Turawa ke kiran wannan iska da ita, harmattan, ba tasu ba ce. Daga harshen mutanen Akan na ƙasar Gana suka aro ta, domin babu irin wannan iska a Ingila balle su raɗa mata suna.

Ba sabuwar magana ba ce wannan. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a shekarun farko na firamare. Kafin nan ma, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife sun gwada koyar da yara duk darussa da Yarbanci tsawon shekara shida, ana koya musu Turanci a matsayin darasi, sakamakon ya nuna yaran ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin kansa. A watan Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta amince a yi amfani da harshen uwa a duk shekaru shida na firamare. Sai kuma a watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke wannan manufa, aka koma Turanci tun daga ajin farko, bisa hujjar cewa ɗalibai na faɗuwa jarrabawa a yankunan da aka rungumi harshen gida. Ina girmama damuwar Minista, domin faɗuwar gaskiya ce. Sai dai a iya yawon da na yi a firamarorin ƙauyukan Gusau da Tsafe da Bunguɗu, ban taɓa shiga ajin da aka wadata shi da littattafan lissafi da kimiyya na Hausa ba. Abin da na saba gani shi ne malami ya karanta Turancin da shi kansa yake fama da shi, ya fassara a tsaitsaye, yara su haddace. Maganin da ba a taɓa ba majinyaci ba, ta yaya za a ce shi ne ya kwantar da shi?

Da yamma, a hanyata ta komawa, na bi ta gaban wata tsangaya a bakin garin, na ga almajirai na tara kara da kirare. Da asuba za su hura wuta su kewaye ta da allunansu, ta ba su haske ta ba su ɗumi, da dare ma haka. Ɗaruruwan shekaru ke nan wannan makaranta ta san akwai hunturu, ta kuma tsara karatunta da shi. Ba cewa nake a hura wuta a firamare ba, Allah ya tsare mu da gobarar wannan lokaci, wadda ba ta da wuyar tashi. Cewa nake ita ma boko ta yarda cewa a ƙasar Hausa take zaune. Gwamnatin jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a 2023, an kuma ga ana gyaran gine-gine a wurare da dama. Abin da nake roƙo a ƙara bai kai tsadar gini ba: a ba shugabannin ƙananan makarantu dama a rubuce su jinkirta shiga aji zuwa 8:30 daga Disamba zuwa tsakiyar Fabrairu, a rama lokacin da rana, tunda zafin da ke korar yara da azahar a watan Afrilu babu shi a Janairu. A sa wa tagogi marufi kafin a yi fenti. A kuma bar malami ya fara darasin yanayi daga abin da yaro ya taso ya gani a gonar ubansa. Mai ɗaki, in ji Hausawa, shi ya san inda yake masa yoyo.

Da na faɗa wa Hedimasta wannan shawara ta jinkirta lokaci, sai ya yi dariya ya ce ai su sun daɗe suna yin haka, ba su dai rubuta ba ne. Ya buɗe rajista ya nuna mani: ba ya kiran suna sai bayan an dawo tara, don kada ya sa wa yaro alamar fashi alhali yana hanya. Ya roƙe ni kada in faɗa wa masu duba makarantu. Na ce masa zan rubuta a jarida, amma ba zan faɗi sunan garin ba.