Lesin ko Horon Ƙwaƙwalwa: Zaɓi ga Yaron da Karatu Ke Yi wa Wuya

Idan yaro ya kasa tafiya kafaɗa da kafaɗa da tsararrakinsa a aji, iyaye kan fuskanci zaɓi biyu: ɗaukar malamin lesin, ko biyan kuɗin manhajojin horon ƙwaƙwalwa irin su Cogmed da Lumosity. Da'awar masu manhajojin ita ce, wasannin tuna lambobi da siffofi suna ƙarfafa ƙwaƙwalwa har tasirin ya kai ga darussan makaranta.

Sai dai nazarin Melby-Lervåg da Hulme na 2013, wanda ya tattara sakamakon bincike 23, ya nuna cewa ƙwarewar takan tsaya ga ayyuka masu kama da wasan, ba ta tsallakawa zuwa karatu ko lissafi. A 2016 kuma, hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin Lumosity biyan dala miliyan 2 saboda tallan da ba shi da hujja.

Shi kuwa lesin, giɓin yake cikewa kai-tsaye, kamar haɗa baƙi da wasali ko jadawalin sau. Amma kafin a kashe kuɗi, wajibi ne a duba gani da jin yaron, da kuma harshen koyarwa. Bahaushen yaron da ake koyarwa da Ingilishi, wataƙila harshen ne ya tsaya masa, ba ƙarancin basira ba.