Arto Demirjian: likitan da ya koya wa duniya karanta shekarun yaro a haƙoransa

Kowace uwa ta san lokacin da ɗanta ya yi famfara, haƙoran nono suka zube, na girma suka fito. Likitocin haƙori kuwa abin da ke cikin muƙamuƙi suke dubawa, tun kafin haƙori ya huda dasashi. Hanyar da akasarinsu ke bi a yau ta samo asali ne daga binciken Arto Demirjian, malami a Jami'ar Montreal ta ƙasar Kanada.

A shekarar 1973 ne Demirjian, tare da Harvey Goldstein da James Tanner, suka wallafa aikinsu a mujallar Human Biology. Sun duba hotunan radiyo na bakin yara 2928, maza 1446 da mata 1482, dukkansu ƴaƴan Kanadawa masu jin Faransanci.

Yadda hanyar take aiki

Likita yana ɗaukar hoto guda da ke nuna muƙamuƙi baki ɗaya. Sai ya dubi haƙoran girma 7 na ƙasa a ɓangaren hagu, daga na gaba har zuwa turmi na biyu. Kowane haƙori yana bin matakai 8, daga A zuwa H. A matakin A, ƙashin haƙorin ya fara taruwa ne kawai, ɗigo-ɗigo. A matakin D, kan haƙorin ya kammala. Daga nan saiwa ta dinga tsawo, har a matakin H bakinta ya rufe.

Kowane mataki yana da makinsa. Idan aka haɗa makin haƙoran 7, ana samun adadi da bai wuce 100 ba, sai a duba jadawali, na maza daban, na mata daban, domin mata sun fi saurin kaiwa. Jadawalin ne ke nuna shekarun da haƙoran suka kai.

Me ya sa ba a tsaya ga ƙirga haƙoran da suka fito ba? Saboda fitowar haƙori tana iya jinkiri ko gaggawa idan wuri ya yi ƙunci, ko an cire haƙorin nono da wuri. Ginuwar haƙori a cikin ƙashi ta fi tafiya bisa tsari, kuma rashin abinci mai gina jiki bai cika dagula ta ba kamar yadda yake tauye tsawon yaro.

Ga likita mai daidaita haƙoran da suka karkace ko suka hau juna, wannan sani yana da amfani kai tsaye. Yara biyu ƴan shekara 11 na iya bambanta ƙwarai a bakinsu. Hoton ne ke gaya masa ko lokacin sa waya ya yi, ko a dakata, ko a cire haƙorin nono don a ba na girma hanya.

Daga asibiti zuwa kotu

Aikin bai tsaya a asibitin haƙori ba. Masu binciken gawa suna amfani da shi wajen gano shekarun yaron da ba a san ko wane ne ba. A 1993, Harry Mincer da abokan aikinsa a Amurka suka ɗora matakan Demirjian a kan turmin ƙarshe, wanda ke fitowa can ƙurya bayan an balaga, don a kimanta ko mutum ya kai shekara 18.

A nan ne maganar ta shafe mu. Yaron da iyayensa ba su karɓar masa takardar haihuwa ba, idan ya tsinci kansa a Turai, hoton haƙori ko na ƙashi yana iya shiga cikin abin da za a duba kafin a ce yaro ne da za a ba kulawa, ko babba ne da za a iya kora.

Sai dai jadawalin yaran Montreal bai dace da kowace al'umma ba. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna yakan ƙara wa yara watanni a kan shekarunsu na gaskiya. Shi ya sa a 2001 Guy Willems ya sake lissafin makin da yaran Beljiyam. Turmin ƙarshe kuwa shi ya fi kowane haƙori saɓani tsakanin mutane: wani nasa ya kammala kafin 18, wani sai ya haura 20.

Dokar Faransa ta 2016 ta yi la'akari da irin wannan rauni. Ta ce gwajin ƙashi shi kaɗai ba ya yanke hukunci a kan shekaru, dole a faɗi iyakar kuskurensa, kuma idan akwai shakka, yaron ne ke cin moriyarta.

Fiye da shekara 50 bayan wallafa shi, ana ci gaba da koyar da matakan A zuwa H a makarantun likitancin haƙori. Suna nuna inda girman jiki ya kai. Ranar haihuwa kuwa, takardar da aka karɓa a ma'aikatar magajin gari ce kaɗai ke riƙe ta.